Damuwar Yau da Kullum Tsakanin Hausawa Mazauna Yankin Washinton: Wa Za a Buɗe wa Ciki?

Tsakure

Maƙalar ta yi bitar ayyukan masana halayyar ɗan Adam kan damuwar yau da kullum, ta auna su da rayuwar Hausawa mazauna Washinton da kewayenta. Ta gano cewa dabarun rage damuwa suna nan, masu sauƙi kuma, amma amintaccen mutumin da zai isar da su ga mabuƙaci ya yi ƙaranci.

1.0 Gabatarwa

Tun da Muryar Amurka ta buɗe Sashen Hausa a 1979 ake samun Hausawa masu zaman dindindin a wannan yanki, ga ma'aikatan jakadancin Nijeriya da Nijar, ga ɗalibai da 'yan ƙwadago. Sai dai ba su da unguwa tasu irin Sabo ta Ibadan. A warwatse suke tsakanin gundumomin Prince George's da Montgomery a Maryland da arewacin Virginia, sai Juma'a ko suna ke haɗa su. Dakatar da ma'aikatan Muryar Amurka a watan Maris na 2025 ya nuna yadda abincin mutum kan shiga rawa dare ɗaya.

2.0 Tushen Damuwar

Kano na gaban Washinton da awa biyar da bazara, shida da hunturu. Kiran da ɗan'uwa ya yi da ƙarfe takwas na safe kan tashi mutum da biyu ko uku na dare: an kwantar da Inna a asibiti, an koro yara saboda kuɗin makaranta, bikin ƙanwa ya matso. Ya amsa da "in sha Allahu", ya ajiye waya, ga kuɗin haya na jiransa, barci kuma ya ƙaurace. Na gida suna lissafin dala da naira, shi yana lissafin awannin aiki. Daga nan saɓani kan shigo tsakanin miji da mata kan dangin wa za a fara turawa.

Kirk-Greene (1974) ya sanya haƙuri da kunya cikin siffofin mutumin kirki a wurin Bahaushe, su ne kuma kan hana shi cewa "ba ni da hali". Gross da John (2003) sun nuna masu yawan danne abin da ke ransu sun fi ƙarancin walwala da kusanci da mutane, idan aka kwatanta da masu sake wa al'amari fassara. To amma ɗaliban jami'o'in Amurka suka nazarta, kuma Butler da abokan aikinta (2007) sun ga illar dannewar tana raguwa gwargwadon al'adar mutum. Don haka ɗora wa haƙuri laifi kacokan gaggawa ce. Inda yake cutarwa shi ne inda ya hana a zauna a warware matsalar da ke da mafita.

3.0 Dabaru da Mai Isar da Su

Borkovec da abokan aikinsa (1983) sun gwada ware wa damuwa rabin awa kullum, a lokaci guda da wuri guda. In ta taso a wani lokaci sai a ɗage ta zuwa nata. A tsarin PM+ da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2016, bayan gwaji a Pakistan da Kenya, zama biyar ake yi: a koyi sassauta numfashi, a tsame matsalar da za a iya taɓawa daga wadda ta fi ƙarfi, a ɗauki guda, a tsara matakinta. Ga mai amsa kiran dare, wannan na nufin yanke adadin da zai riƙa turawa duk wata, da shawarar matarsa, ya sanar da babba ɗaya a gida. Musulmi ba zai ji baƙunta ba, domin tun ƙarni na 9 zuwa na 10 Abu Zaid al-Balkhi ya yi wasiyya da tanadin kyawawan tunani lokacin lafiya, kamar yadda ake ajiye magani don ɓacin rana.

Misalin da ya fi kusa da mu daga Zimbabuwe yake. Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata suna sauraron masu damuwa a kan benci a harabar asibiti. A rahoton 2016, bayan wata shida kusan kashi 14 cikin ɗari na waɗanda suka zauna da su ne ke da alamun ciwon damuwa, a rukunin waɗanda ba su zauna da su ba kuwa kusan kashi 50. Ƙungiyar HelpAge USA ta kawo wannan tsari zuwa Washinton.

Cikas ɗaya ne babba: amana. A ƙaramar al'umma, maganar da aka yi a Silver Spring ta Maryland kan riga wayewar gari isa Kano ta WhatsApp. Dattijon da bai iya riƙe sirri ba, gara a bar shi. Mata kuma sai mata 'yan'uwansu.

Muna kira ga ƙungiyar Zumunta ta 'yan arewacin Nijeriya mazauna Amurka da limaman masallatan yankin su zaɓo dattawa maza da mata a horar da su, a kuma koya musu iyakarsu. Wanda ya fara zancen kashe kansa aikin likita ne, lambar neman agaji ta 988 kuwa tana amsa kira dare da rana tun Yulin 2022.