Asalin Sunan Sato da Sababin Yaɗuwarsa a Ƙasar Japan

Babu sunan zuriya da ya kai Sato yawan masu amsa shi a Japan, domin adadinsu ya doshi miliyan biyu, Suzuki da Takahashi na biye. Amma wanda ya riƙi wannan yawa hujja a kan cewa dukkansu tsatso guda ne, haƙiƙa ya yi gaggawar yanke hukunci, gama suna yakan isa inda jini bai isa ba.

Asalin al'amarin yana komawa shekarar 669, lokacin da Sarki Tenji ya yi wa amininsa Nakatomi no Kamatari baiwar sunan Fujiwara yana kan gadon ajali, gidan da daga bisani ya riƙe ragamar fada ƙarnoni da dama. Harafin farko na sunan, wanda ke nufin wani tsiro mai yaɗo da furanni, ana karanta shi "to" a lafazin da aka aro daga Sin; saboda haka da gidan ya yi rassa, sai kowane reshe ya haɗa harafin nan da sunan lardinsa ko muƙaminsa, na Ise suka zama Ito, na Kaga suka zama Kato. Su kuwa Sato ana jingina nasabarsu ga Fujiwara no Hidesato, jarumin da ya murƙushe tawayen Taira no Masakado a 940, ko da yake malamai sun yi saɓani game da gaɓar farko: wasu sun ce daga garin Sano take, wasu kuma daga muƙamin saemon-no-jo, wato jami'in dogaran ƙofar hagu ta fada, wanda wani daga zuriyarsa ya riƙe. Magana ta biyun ce ta fi rinjaye a wurina, domin ta dace da al'adar mutanen fada ta yin alfahari da muƙami.

Taswirar sunan ita ce babbar shaida a kan cewa ba jini kaɗai ya yaɗa shi ba. Ya yi katutu a arewa maso gabas, a Akita da Yamagata da Miyagi da Fukushima, alhali a yamma Tanaka da Yamamoto ne ke gaba. Kuma a arewar nan ne gidan Sato na Shinobu ya yi ƙarfi ƙarƙashin sarakunan Hiraizumi, har 'ya'yansa biyu, Tsugunobu da Tadanobu, suka ba da rayukansu a hidimar Minamoto no Yoshitsune. Gida mai irin wannan daraja, barorinsa da manoman ƙasarsa sukan fake da sunansa, kamar yadda masana nasaba suka san wala'i, inda ake kiran Imamu Bukhari da Ju'ufi ba tare da jinin ƙabilar ba.

A zamanin Tokugawa an hana talaka bayyana sunan zuriya a hukumance, duk da cewa da yawa sun riƙe nasu a tsakaninsu. Gwamnatin Meiji da ta biyo baya ta halatta shi a 1870, sa'an nan ta wajabta shi a 1875 domin ƙidaya da haraji da ɗibar soja, sai abin da yake ɓoye ya shiga littafin hukuma, wanda ba shi da suna kuwa sau da yawa ya ɗauki wanda ya fi ƙima a yankinsa. Har yau sashe na 750 na dokar farar hula yana tilasta wa ma'aurata suna guda, hukuncin da Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2015 da 2021, kuma shi ke sa ƙananan sunaye ɓacewa sannu a hankali, irin su Sato na nan daram.