Daga Titin Dorset Zuwa "Kashe Ka Sake Kunnawa"

'Yan uwa ɗalibai, duk wanda ya bi ta titin Dorset a unguwar Marylebone da ke Landan zai ga allon tunawa da Charles Babbage. A nan ya zauna har rasuwarsa a 1871, kuma a nan ya zana na'urar lissafin da ake ɗauka kakar kwamfuta. A tsarinsa, umarnin aiki yana jikin katuna masu huji ne, irin na masaƙar Jacquard. Mai son sabon aiki sai ya canja katuna.

Al'amarin ya sauya a 1948, lokacin da masana a Jami'ar Manchester suka gwada na'urar da ke riƙe umarni a cikin ƙwaƙwalwarta. Tushen zancenmu ke nan. Idan ka kunna kwamfuta, takan ɗebo manhaja daga faifai ta zuba a ƙwaƙwalwa, da wannan kwafin take aiki. Sabuntawa na faifai take gyarawa, na ƙwaƙwalwa kuwa yana nan yadda yake. In ƙaramar manhaja ce, rufewa da buɗewa sun wadatar. Amma in gyaran ya taɓa zuciyar tsarin, wadda komai ke dogara da ita, sai an sake kunnawa, domin ba a naɗe tabarma ana zaune a kanta. Windows takan kulle fayil ɗin da ake amfani da shi, ta jinkirta musanya shi. Linux takan bari a musanya, amma shirin da ke gudana yana ci gaba da tsohon.

An nemi mafita. A 2008 aka fito da Ksplice daga jami'ar MIT ta Amurka, mai yi wa zuciyar Linux faci tana cikin aiki, sai dai ƙananan gyare-gyare kawai take iyawa.

Jinkiri kuwa yana da tsada. Ranar 14 ga Maris 2017 Microsoft ya fitar da gyaran wata kafa a Windows. Ranar 12 ga Mayu cutar WannaCry ta bi ta kafar nan ta afka wa kwamfutocin da ba a gyara ba, har asibitocin Ingila suka soke ganin likita kusan 19,000.

Saboda haka, ɗan uwa, in kwamfutarka ta nemi a sake kunna ta, adana aikinka ka amsa mata. Kafin nan, gyaran bai kama aiki ba.