Marsiyya a Gidan Shehu

A shekarar 1804, da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira da jama'arsa daga Ɗagel zuwa Gudu, littattafai na cikin kayan da aka ɗora wa dabbobi. 'Yarsa Nana Asma'u tana da shekara kusan 11 a lokacin. A gidan nan kowa na riƙe da alƙalami: uba, baffanta Abdullahi, yayanta Muhammadu Bello. Idan wani ya rasu, bayan jana'iza da zaman makoki, sai wani daga cikin dangi ya zauna ya yi masa marsiyya, ya jera halayensa, ya roƙa masa gafara.

Asma'u ce ta fi kowa riƙe wannan al'ada. Ta yi wa Bello marsiyya bayan rasuwarsa a Wurno a 1837. Ta yi wa mijinta Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda suka yi shekaru tare suna tattara tarihin Shehu da na Bello. Ta yi wa aminiyarta A'isha, matar Bello. Waɗannan manya ne, da ma ba za a manta da su ba.

Abin da ya fi taɓa zuciya shi ne sauran sunayen. Akwai Halima, maƙwabciyarta ce kawai, an yabe ta da kirki da kyakkyawan zama da mutane. Akwai Zaharatu, wadda ake kira idan mace na naƙuda, ake kuma kira idan za a yi wa mamaciya wanka. Akwai Hauwa'u, ɗaya daga cikin jajojin 'Yan Taru, matan nan da Asma'u ke naɗa wa malfa da jan rawani, su shiga ƙauyuka su kwaso mata ɗalibai su kawo Sakkwato. Babu littafin tarihin yaƙi da zai tsaya kan irin waɗannan mata. Da ba don waƙa ba, da sunansu ya tafi tare da waɗanda suka san su, kuma wannan kaɗai ya isa a ɗauki marsiyya da daraja irin ta tarihi.

Asma'u tana rubutu da Larabci da Fulfulde da Hausa, gwargwadon wanda take son ya ji. Ƙanenta Isa ya mayar da wasu waƙoƙinta na Fulfulde zuwa Hausa, ƙanwarta Maryam kuma ta ci gaba da jagorancin 'Yan Taru bayan rasuwar Asma'u a 1864.

Takarda a wancan zamani tsada gare ta, don ta Sahara fatake ke kawo ta. Ba a ɗinke littafi. Warƙa-warƙa ake jerawa, a rubuta kalmar farko ta shafi na gaba a ƙasan wanda aka gama don kada su rikice, a sa a tadarishi, a zura cikin gafaka. Haka rubuce-rubucen Asma'u suka zauna a unguwar Giɗaɗawa hannun zuriyarta, ana kwafa ana adanawa, har zuwa kan Waziri Junaidu. Shi ya buɗe wa mai bincike Jean Boyd wannan taska, ita kuma tare da Beverly Mack suka fitar da kundin ayyukan Asma'u a 1997, shekarar da Wazirin ya rasu.