Dabbar da Ake Nema a Dajin Dindar

Gabas da Sinnar a ƙasar Sudan, inda kogin Dindar da kogin Rahad suka gangaro daga tsaunukan Habasha, akwai gandun namun daji da aka keɓe tun 1935, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 10,000. Ɓauna da gwanki da gwambaza da zaki da gwaggon biri su ne masu gida, a tsakiyarsa kuwa ba a noma, ba a kafa gari. A shekarun 1990 sai kala-azar ta riƙa kwantar da ma'aikatan da ke gadin wannan daji, mutanen da ke kwana a sansani nesa da kowane ƙauye. Idan daga jikin mutum kaɗai cutar ke zuwa, wa ya ba su ita a can? Masu bincike na Jami'ar Khartum suka ɗauki tarkunansu suka shiga dajin, suna bin sawun tambayar da ta riga su da kusan shekara casa'in.

Mutanen ƙauyukan bakin Rahad da Atbara ba sa bukatar a yi musu bayanin wannan cuta. Zazzaɓi ne da ba ya jin maganin cizon sauro, ya yi mako biyu, ya yi wata, ya ƙi sauka. Yaro ya rame, jini ya ƙare masa, saifa ta kumbura har uwa ta ji ta da tafin hannu a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu. In ba a yi magani ba, kusan duk wanda ta kama sosai ba ya tashi. Mai ɗauke da ita wani ɗan ƙyashi ne da tsawonsa bai wuce milimita 3 ba, ba ya kuka a kunne, kuma yana iya ratsa gidan sauro mai manyan idanu.

A 1903 abubuwa uku suka faru a wurare masu nisa da juna, daga baya suka haɗu a bakin Shuɗin Nilu. A wannan shekara ce likitoci biyu, William Leishman da Charles Donovan, kowa a nasa gefen, suka bayyana ƙwayar cutar da suka gani a saifar waɗanda suka kamu a Indiya. A cikinta ne ɗakin bincike na Wellcome ya fara aiki a Kwalejin Gordon da ke Khartum, ƙarƙashin Andrew Balfour. A watan Yulinta kuma aka yi yaƙin Burmi, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran muhajirai suka nufi gabas. Sun sauka a Shaikh Talha kusa da Sinnar wajen 1906, daga baya suka haye kogi suka kafa garin da har yau ke amsa sunan Mai Wurno.

Kafin su iso, a 1904, wani likita, Sheffield Neave, ya riga ya ga ƙwayar a jikin wani yaro, wanda shi ne na farko da aka tabbatar a Sudan. Gwamnati ta kafa kwamitin bincike a 1909, likitocin soja irin su Bousfield da Thomson da Marshall suka zagaya yankin Kassala da Shuɗin Nilu, Sinja ta zama ɗaya daga cikin manyan wuraren aikinsu. Marshall ya gwada sanya cutar a jikin birai, ta kuwa kama su. Tun lokacin hankali ya fara komawa kan dabbobi, domin a ƙasashen da ke gaɓar Bahar Rum an gano cewa kare na ɗauke da wata 'yar'uwar wannan cuta.

A shekarun nan ne kuma Charles Wenyon ya hau wani ɗakin bincike da aka gina a kan jirgin ruwa, ya bi Nilu zuwa kudu yana ɗibar jinin duk abin da ya faɗo hannunsa: tsuntsaye, kifaye, macizai, ƙadangaru. A jinin ƙadangare da na kulɓa ya ga ƙwayoyi 'yan gidan su zazzaɓin cizon sauro, ya bayyana su a 1909. Wani zai ce ina ruwan marar lafiya da jinin ƙadangare. Da ruwansa, domin masu jan ciki su ma suna da tasu irin ƙwayar mai kama da ta kala-azar, kuma akwai ƙyashin da jinin tsaka da ƙadangare yake sha. Mai bincike zai fede cikin ƙwaro a ƙarƙashin madubin likita, ya ga ƙwayoyi suna ninƙaya da 'yan wutsiyoyinsu, ya ɗauka ya kama ɓarawo, alhali na tsaka ne, ba su da wani tasiri a jikin ɗan Adam. Sai da aka san na tsaka kafin a iya ware na mutum. A 1965 ma an bayyana wata irin wannan ƙwaya daga tsakar Sudan, aka raɗa mata sunan Harry Hoogstraal, mutumin da za a zo kansa nan gaba.

Ana cikin haka ƙasar kanta tana sauyawa. An gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, gonakin audugar Jazira suka buɗe, ana neman hannu ko ta ina. Hausawa da Fulani da Barebari, waɗansu alhazai masu hanyar Makka, waɗansu masu neman wurin zama, suka cika wannan gurbi. Daga baya ƙauyukansu suka bazu zuwa bakin Dindar da Rahad da Atbara, suna noman dawa da riɗi, suna lambu, suna su. Ƙasar da suka samu baƙar laka ce mai albarka, wadda ke tsattsagewa da rani har ƙafa ta iya faɗawa cikin tsagarta, ga dushe da aduwa ko'ina. Abin da ba wanda ya gaya musu, domin ba a kai ga sani ba tukuna, shi ne wannan laka da waɗannan itatuwa biyu su ne gidan ƙyashin da ke kawo kala-azar.

Robert Kirk da D. J. Lewis ne suka yi shekaru suna tattara ƙyashin Sudan suna rarrabe jinsunansa, har zarginsu ya tsaya a kan wanda masana ke kira Phlebotomus orientalis. Kirk ya nemi dabbar da cutar ke fakewa a jikinta, bai samu amsa mai gamsarwa ba. A fannin magani dai an ci gaba: shi da likitan Sudan Muhammad Hamad Satti suna cikin waɗanda suka fara amfani da allurar Pentostam a shekarun 1940, wadda har yau ba a rabu da ita ba. A 1956 annoba ta ɓarke a kudancin Funj, saman Shuɗin Nilu, Satti ya je ya gani da idonsa ya rubuta.

Bayan wannan ne Hoogstraal, masanin kaska ɗan Amurka da ke aiki a cibiyar binciken lafiya ta sojan ruwan ƙasarsa a Alƙahira, ya kafa sansani a yankin Paloich da Malakal a farkon shekarun 1960. Aikin nasu na haƙuri ne. A kama dabba, a cire saifa a niƙa, a yi wa ɓeran gwaji allura da ita, a zauna jiran watanni a ga ko zai kamu. Da haka suka samu ƙwayar a ɓeran ciyawa na bakin Nilu, da wani ɓera mai gashi kamar ƙaya, da ɓeran gida, da inyawara, da wata kyanwar daji mai dogayen ƙafafu. Sun kuma tabbatar da laifin ƙyashin da Kirk ya zarga. Rahotonsu na ƙarshe, wanda Hoogstraal da Donald Heyneman suka fitar a 1969, ya nuna cewa cutar na iya zagayawa a daji ba tare da mutum ba. Shekara goma sha biyar bayan haka, daga 1984 zuwa 1994, ta kashe mutum kimanin 100,000 a yammacin Nilu ta Sama, ana tsakiyar yaƙin basasa.

To, a kan wannan tarihi ne Dia-Eldin Elnaiem da abokan aikinsa suka shiga Dindar. Tarkon ƙyashi ba wani abin a zo a gani ba ne: farar takarda ce a shafe ta da man zurma, a soke ta a tsinke a kafa kusa da tsagar ƙasa ko gindin dushe da magariba, da asuba a zo a tsince abin da ya manne da ɗan buroshi. Akwai kuma mai 'yar fitila da fanka da ake ratayewa a reshe. A tsakiyar dajin, inda ba kowa, sun samu matan ƙyashi ɗauke da ƙwayar kala-azar ta ainihi. Dabbobin da suka kama tsakanin 1997 da 1999 kuma, an samu cutar a tunku 2 cikin 14, da ɓeran ciyawa 1 cikin 168, da wani ɓeran daji 1 cikin 8. Sakamakon ya fito a 2001. Biyu cikin goma sha huɗu ba su isa a yanke hukunci ba, su ma masu binciken cewa suka yi mai yiwuwa ne. Amma tunku dabba ce mai daɗewa a duniya fiye da ɓera, tana kwana a rami da suri, tana kuma shigowa bayan gari neman kaji, don haka zargin yana da ƙafa.

Sai kuma kare. A Barbar al-Fugara da ke bakin Atbara a jihar Gadarif, ƙauyen da Hausawa ke cikin mazaunansa, annoba ta yi ɓarna a tsakiyar shekarun 1990, masana daga Faransa da Sudan suka samu ƙwayar a jikin karnukan garin. Wani gwajin da aka buga a 2009 ya jera kare da tunku da inyawara da ɓera a keji a Dindar don a ga wanda ƙyashi ya fi so, kare ne ya fi jan su nesa ba kusa ba.

Akwai wani abu da ya shafi Hausawa kai tsaye. A bakin Rahad likitocin Khartum, ciki har da Farfesa Ahmad Muhammad al-Hassan, sun daɗe suna bibiyar ƙauyuka biyu, Um Salala na ƙabilar Masalit da Mushra Koka na Hausawa. Ƙwayar tana shiga jinin mutanen ƙauyukan biyu, amma a Koka waɗanda ke kwanciya ciwo ba su kai na Um Salala yawa ba, da dama jikinsu na danne ta ba tare da sun sani ba. Abinci da halin gida da gado na cikin dalilan da aka duba. Bai kamata kowa ya ɗauki wannan a matsayin kariya ba, don yaran Hausawa sun mutu da kala-azar a Gadarif kamar yaran kowa.

Abin da aka tsaya a kai yau shi ne cutar na da hanya biyu a wannan yanki. A cikin gari mutum ne ke ba mutum ta bakin ƙyashi, musamman ma da yake kusan rabin waɗanda suka warke a Sudan ƙuraje kan feso musu a fuska bayan wasu watanni, kuma ƙwayar na cikin ƙurajen. A daji kuwa dabba ce ke riƙe da ita, ko da yake har yanzu masana ba su haɗu a kan suna ɗaya ba. Wannan ya sa maganin marasa lafiya kaɗai ba zai share ta ba yadda ake fata a Indiya, inda ba a san ta da wata mafaka ba sai jikin mutum. Kuɗin da ake kashewa kan jinin tunku da kare bai taka kara ya karya ba in aka gwada da girman ɓarnar, kuma wannan sakaci ne da manoman bakin kogi ke biya da 'ya'yansu.

Duk da haka binciken ya bar wa manomi abin amfani. An san ƙyashin ya fi yawa a ƙarshen rani, daga Maris zuwa Yuni, yana cizo daga faɗuwar rana, daidai lokacin da zafi ke koro mutane su kwana a tsakar gida, masu sharar gona da masu itace da makiyaya kuma su kwana a gindin aduwa. Ciwon ba ya bayyana sai bayan wata biyu zuwa shida, shi ya sa asibitoci ke cika bayan damina. Magani ma ya ragu daga allurar kwana 30 zuwa haɗin allurai biyu na kwana 17, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2010. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya iso Sinja da garin Dindar a tsakiyar 2024, dubban iyalai suka tsere zuwa Gadarif da ƙafa da kura, suna kwana a fili a kan baƙar laka, da yawansu kuma daga garuruwan da ba su taɓa haɗuwa da cutar ba.