Gudummawar Tsofaffin Ɗaliban Jami'ar Bayero Wajen Mayar da Nazarin Hausa Cikin Hausa

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin wasu ayyuka na tsofaffin ɗaliban Kwalejin Abdullahi Bayero, wadda ta zama Jami'ar Bayero ta Kano a shekarar 1977, domin fito da abin da ya haɗa ayyukan. Abin da maƙalar take son tabbatarwa shi ne, babbar nasarar waɗannan malamai ita ce mayar da Hausa harshen da ake nazarin Hausa da shi.

2.0 Yadda Aka Samu Fagen

Kafin kafa jami'o'i a Arewa, manyan littattafan nazarin Hausa duk Turawa ne suka rubuta su, kuma don amfanin Turawa. Schön ya fitar da nahawunsa a 1862, Bargery ya fitar da ƙamusunsa a 1934, sannan na Abraham ya biyo baya a 1949. Ko da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, aka sanya kwalejin Kano a ƙarƙashinta, al'amarin bai sauya nan take ba. Hausawan farko da suka nemi digirin digirgir a wannan fage da Ingilishi suka rubuta kundayensu, mafi yawa a Landan ko Amurka. Misali, Ɗandatti Abdulƙadir ya yi nasa a Indiyana a 1975 a kan Mamman Shata, shi kuwa Abdulƙadir Ɗangambo ya yi nasa a Landan a 1980 a kan waƙoƙin wa'azi. Wato dai Bahaushe na nazarin Shata, amma masu sauraren Shata ba su da hanyar karanta sakamakon.

Kafa Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya a Kano a 1969 shi ya share fagen gyara. Daga nan ne ɗaliban gida suka fara rubuta kundaye da Hausa, kamar na Bello Sa'id na digiri na biyu a 1978 a kan gudummawar masu jihadi ga adabin Hausa, da na Sa'idu Muhammad Gusau na digirin digirgir a 1988 a kan waƙoƙin makaɗan fada.

3.0 Littattafan da Suka Zama Ginshiƙai

A fagen tarihin adabi, littafin marigayi Ibrahim Yaro Yahaya, Hausa a Rubuce (1988), shi ne ya tattara tarihin rubuce-rubucen Hausa tun daga zamanin ajami har zuwa na boko. Har yau da wuya a sami kundi a wannan fage da bai jingina da shi ba, duk da cewa marubucin ya rasu tun 1995.

A fagen rubutacciyar waƙa, Ɗangambo ya shimfiɗa hanyar nazari a Gadon Feɗe Waƙa, wanda ya sake tacewa ya fitar da sunan Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa a 2007. Ta wannan hanya ce kalmomi irin su jigo da furucin jigo da warwarar jigo da zubi da tsari suka zauna a bakin ɗalibai. Gusau kuwa ya lura cewa ma'aunin rubutacciyar waƙa bai dace da waƙar makaɗi ba, domin makaɗi ba baiti yake ginawa ba, kuma akwai kiɗa da amshi a cikin aikinsa. Saboda haka a Jagoran Nazarin Waƙar Baka (1993) ya kawo kalmomi irin su turke da gindin waƙa da ɗiyan waƙa. Daga baya ya shiga tattara matanonin waƙoƙin a jerin Diwanin Waƙoƙin Baka, aikin da ya ceci waƙoƙi masu yawa daga salwanta tare da kasa-kasan da aka naɗe su a ciki.

Ƙololuwar wannan tafiya ita ce Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero (2006), wanda Bello Sa'id ya jagoranci tacewarsa. Ƙamusun da cibiyar ta fitar a 1977 Hausa ce zuwa Turanci. Wannan kuwa da Hausa yake fassara Hausa, wato an kai matsayin da harshen yake bayyana kansa da kansa.

4.0 Abin da Ya Rage

Akwai matsaloli biyu da ke fuskantar wannan gado. Ta farko ita ce ƙarancin littattafan. Da yawansu an buga su ne kaɗan, ba a kuma sake bugawa ba. Ɗalibin da ke Lafiya ko Akwanga a Jihar Nasarawa, inda Hausa take haɗa Alago da Eggon da Mada da Gwandara a kasuwa, sau da yawa kwafin hoto yake samu, wani lokaci ma shafuffuka sun ɓace. Ta biyu ita ce ɗaukar ra'ayoyin magabatan tamkar karatun hadda. Alhali Gusau bai kai ga turke ba sai da ya auna jigo ya ga bai wadatar ba. Haka nan Hausar da ake yi a Lafiya, da waƙoƙin situdiyo na wannan zamani, suna buƙatar a gwada waɗannan ma'aunai a kansu a ga inda suka dace da inda suka gaza.

5.0 Kammalawa

An ga yadda nazarin Hausa ya tashi daga hannun baƙi zuwa hannun 'yan gida, sannan daga Ingilishi zuwa Hausa, cikin shekarun da ba su kai arba'in ba, daga 1969 zuwa 2006. Haƙƙin da ya rataya a wuyan jami'o'in da suka biyo baya, ciki har da Jami'ar Tarayya ta Lafiya da aka kafa a 2011, shi ne neman a sake buga waɗannan littattafai, da kuma horar da ɗaliban da za su yi musu sharhi da gyara kamar yadda masu su suka yi wa ayyukan da suka tarar.