Abin da ya sa Damagaram ta bi Mahamane Ousmane a 1993

Ku da kuke ƙetare iyaka ta Magarya ko Matamaye, da garke ko da buhunan wake, kun sha jin dattawan Damagaram suna cewa da can su ne kan gaba a Nijar. Ba cika baki ba ne. Ku riƙe wannan magana, don ita ce mabuɗin zaɓen shugaban ƙasa na 1993.

Tun zamanin Sarki Tanimun, ayarin raƙuma daga Tarabulus kan sauka Zinder kafin ya wuce Kano. Faransawa suka ci garin a 1899, daga baya suka mai da shi mazaunin gwamnansu. A 1926 suka kwashe kayansu suka koma Yamai. Cikin dalilan da suka kawo har da ƙarancin ruwa. To, sun tafi, ƙishirwar kuma ta zauna. Duk wanda ya yi bazara a Zinder ya ga layin jarkoki, ya kuma san kuɗin da ɗan ga-ruwa ke karɓa.

Aka samu 'yancin kai a 1960. Diori Hamani ya hau, Seyni Kountché ya kifar da shi a 1974, Ali Saibou ya gaji Kountché a 1987. Duka ukun daga yamma suka fito. Alhali kafin a fara cin kuɗin uraniyom, gyaɗar da manoman Damagaram da Maraɗi ke nomawa ce ke riƙe baitulmalin ƙasa. Mutum ya yi noma, ya ga ana gina wani garin da guminsa, ai ba ya mantawa.

Bayan babban taron ƙasa na 1991, sai CDS-Rahama ta tsayar da Mahamane Ousmane, haifaffen Zinder. 'Yan kasuwa suka zuba kuɗi, talakawa suka zuba ƙuri'a.

Wasu na cewa ƙabilanci ne kawai. Ni ban yarda ba. Mahamadou Issoufou na PNDS Bahaushe ne daga jihar Tawa, amma ba shi Damagaram ta bi ba. Tandja Mamadou kuwa ɗan gabas ne, daga Maine-Soroa can jihar Difa. Sai dai tutar MNSD-Nassara ya ɗauko, jam'iyyar da aka haifa a hannun sojoji, wadda mutanen Zinder ke gani ita ce dai gwamnatin Yaman nan ta sauya riga. Nasu suke so, wanda ya san ƙishirwar garin.

A zagayen farko, cikin Fabrairu, Tandja ya zo na ɗaya da kusan kashi 34 cikin ɗari, Ousmane na biye da kusan 27. Ƙuri'ar Damagaram ita kaɗai ba ta kai mutum fada, amma ita ta kai shi zagaye na biyu. Nan Issoufou da Moumouni Adamou Djermakoye suka mara masa baya cikin ƙawancen AFC, ya lashe a ƙarshen Maris da kashi 54.

Daɗin bai daɗe ba. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa, ku fatake kun fi kowa sanin yadda canji da naira ya rikice a lokacin. Issoufou ya ajiye kujerar firaminista a Satumba, ƙawancen ya watse. Ran 27 ga Janairun 1996 Kanar Ibrahim Baré Maïnassara ya karɓe mulki, Zinder kuma tana nan tana jiran ruwa.