Omiyale da Masu Igiya: Tarihin Ceton Rai a Ambaliyar Badun

 

Duk shekara idan watan Agusta ya raba, dattawan garin nan, Yarbawa da Hausawa, sukan fara duban sama da wani irin ido. Suna da dalili. Ambaliya biyu mafi muni da Badun ta gani a zamaninmu duk a ƙarshen wannan wata suka zo, ɗaya ranar 31 ga Agusta 1980, ɗaya ranar 26 ga Agusta 2011. An sha ba da labarin gidajen da suka rushe da gadojin da suka karye. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne su wane ne suka shiga ruwan nan suka fito da mutane, da me suka yi aikin, kuma me ya sauya daga wancan lokaci zuwa yau.

Badun gari ne na tuddai da kwaruruka. Kogin Ogunpa yana tasowa daga wajen Ashi, ya ratsa Bodija, ya bi ta Agodi, ya gifta kusa da Mokola, ya shiga tsakiyar kasuwanci wajen Dugbe, ya wuce Oke-Ado zuwa Molete, rafin Kudeti ya haɗu da shi, sannan su zuba a kogin Ona. Da rani yaro ma yana tsallake shi a wasu wurare, shi ya sa baƙo ke raina shi. Unguwarmu ta Sabo, wadda aka kafa a 1916, Allah Ya sa ta zauna a wuri mai ɗan tudu. Amma kun san kwananmu ne kawai a tudu. Neman abincinmu a kwari yake: tashar jirgin ƙasa ta Dugbe inda a da goro ke hawa, kasuwar Gbagi, tashar mota ta Ogunpa. Saboda haka duk lokacin da kogin nan ya yi fushi, da namu a bakinsa.

Ya taɓa cika ya yi ɓarna a 1960 da 1963 da 1978. Amma na 1980 shi ne wanda ya bar suna. Ranar Lahadi ce. Ma'aunin ruwan sama ya nuna milimita 274, wato da ruwan zai tsaya inda ya sauka, da ko'ina a garin ya kai zurfin kusan ƙafa guda. To bai tsaya ba, duka ya gangaro kwari. Ya tarar da hanyarsa cike da shara, ga gine-gine har bakin gaɓa, ga ƙananan gadoji da kwalbatoci da suka toshe suka zama kamar madatsai. Sai ya hau tituna ya faɗa gidaje. Rayukan da suka salwanta sun haura ɗari nesa ba kusa ba, dubbai suka rasa matsuguni, lambun Agodi ya lalace. Yarbawa suka sa wa abin suna Omiyale, ma'ana ruwa ya ratso cikin gida. A lokacin Cif Bola Ige ne gwamnan jihar Oyo, Alhaji Shehu Shagari kuma shugaban ƙasa.

A wancan zamani akwai hukumar agaji ta tarayya da aka kafa a 1976, amma aikinta rabon kaya ne bayan masifa ta wuce: shinkafa, barguna, kwanon rufi. Ba hukumar shiga ruwa ba ce. Sojoji da 'yan sanda da 'yan kwana-kwana da ƙungiyar Red Cross sun yi nasu ƙoƙari, sai dai ruwan da ya tashi cikin 'yan sa'o'i ba ya jiran mota ta iso, balle hanyoyin ma sun yanke. Wanda yake kan rufin kwano ruwa na lasar ƙafarsa, maƙwabcinsa ne kawai zai kai gare shi.

Nan ne sana'o'in talakawa suka yi rana. Dattawanmu sukan ce kayan ceton ranar ba su wuce igiyar rijiya da igiyar shanu da tsani da gora da tif na tayar babbar mota ba. Mahauci da mai kora shanu sun san yadda ake jefa igiya ta faɗa inda ake so, sun san ƙullin da ba ya kwancewa. Ɗan dako ya san yadda ake saɓa nauyi a wuya a taka ƙasa mai santsi. Wanda ya taso a bakin kogi, irin mutanen Yawuri da Argungu, ya san ba a yin gaba da gaba da ruwa mai gudu, ana yanka shi ne a karkace. Babu wanda ya tara su ya ba su suna, babu mai kaki. Kuma babu wanda ya tsaya tambayar yaren wanda ke ihu kafin ya jefa masa igiya.

Aikin ambaliya kashi uku ne. Na farko ceto, shi kuwa sa'o'i kaɗan ne. Na biyu nema, wanda ke ɗaukar kwanaki, ana bin gaɓar kogi ana duba ƙarƙashin gada da cikin laka da asibitoci da ɗakunan ajiye gawa. Na uku sutura. A kashi na biyu da na uku tsohon tsarin Sabo ya taimaka ƙwarai. A da, baƙo ba ya sauka a unguwar nan sai yana da maigida. Falken goro ko na shanu, maigidansa ya san sunansa, ya san garinsu, ya san ɗakin da yake kwana, shi ke riƙe masa kuɗi. Wani masani mai suna Abner Cohen, wanda ya zauna ya yi nazarin Sabo a farkon shekarun 1960, littafi guda ya rubuta a kan wannan tsari. Shi ciniki ya duba, amma tsarin yana da wani amfani da sai ranar masifa ake ganinsa. Idan gari ya waye, kowane maigida ya ƙirga baƙinsa, kafin azahar Sarkin Sabo ya san wanda bai dawo ba. Ai ba a neman mutum sai an san ya ɓata.

Sai kuma tarihin 'yan agaji, waɗanda yau muke gani da kaki a bakin masallaci. Jama'atu Nasril Islam an kafa ta a Kaduna a 1962 zamanin Sardauna, Fityanul Islam ta biyo baya a Kano, Izala kuma a Jos a 1978. Kowacce ta kafa rundunar agaji, rassansu suka bi hanyar fatauci suka iso kudu. Sun koyi fareti da taimakon farko, suna tsara sahu ranar Juma'a da Idi, suna hidimar alhazai, suna ɗaukar mara lafiya da gawa. Kyauta suke yi, Allah Ya saka musu. Sai dai horonsu na kan tudu ne. Ɗaure rauni daban, shiga ruwa mai gudu daban.

A 1999 aka kafa hukumar NEMA, aka ɗora mata har da aikin nema da ceto, jihohi ma suka kafa nasu. An kuma yi aikin faɗaɗa wani sashe na Ogunpa da siminti. Mutane suka ɗauka Omiyale ya zama tarihi.

Sai ga daren Juma'a 26 ga Agusta 2011, muna cikin goman ƙarshe na azumi. Ruwan da aka auna a cibiyar binciken noma ta IITA ya kai milimita 187.5, bai kai na 1980 ba, amma garin ya ninka girma, gidaje sun cika kwarin kogin Ona da a da gonaki ne. Madatsar Eleyele ta tumbatsa, gadar Apete ta tafi, Odo-Ona da Oke-Ayo suka sha ruwa, har jami'ar Ibadan ta yi asara mai yawa. Red Cross ta ƙirga mutum 102 da suka rasu. Gwamna Abiola Ajimobi bai fi wata uku a kan mulki ba. Abin lura shi ne, bayan shekara 31, ga wayar hannu a aljihun kowa, ga hukumomi sababbi, amma waɗanda suka fara isa wurin mai nutsewa su ne dai na jiya: maƙwabta, 'yan acaba da fitilar babur, samari da igiya da jarka. Bayan wannan ne Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 200 a 2014 don gyaran magudanai da madatsar Eleyele.

Abin ba na Badun kaɗai ba ne. A 2012 Binuwai da Neja suka cika, aka kuma saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru. Hanyar Lokoja zuwa Abuja ta nutse, motocin kaya suka yi kwanaki a tsaye, masu kwalekwale ne suka riƙa ƙetarar da matafiya. NEMA ta ce mutum 363 suka rasu a faɗin ƙasa, fiye da miliyan biyu suka bar gidajensu. A 2022 mamatan sun haura 600. A watan Satumba 2024 madatsar Alau ta ɓalle a kan Maiduguri, nan ma masunta da samarin gari suka yi aiki kafaɗa da kafaɗa da sojoji. Sannan a ƙarshen watan Mayu 2025 ruwa ya auka wa Mokwa, garin da motocinmu ke ratsawa kullum in za su Arewa. Unguwannin da ya fi cinyewa su ne Tiffin Maza da Unguwar Hausawa, gawawwakin da aka samu sun haura 150, cikinsu har da almajirai, wasu mutanen kuma har yau babu labarinsu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Akwai ƙasar da ta ɗauki irin wannan darasi da gaske. A 1970 guguwar teku ta kashe aƙalla mutum dubu 300 a yankin da yanzu ake kira Bangladash. A 1972 suka fara shirin 'yan sa kai na ƙauye-ƙauye, aka ba su horo da lasifikar hannu da tutocin gargaɗi, aka gina wuraren fakewa. Yau 'yan sa kan nan sun haura dubu 70, maza da mata. Da babbar guguwa ta sake zuwa a 2007, mamatan ba su kai dubu biyar ba. Talakawa ne irinmu, tsari kawai suka yi.

Masana ceto sun yi ittifaƙi a kan wasu abubuwa da ya kamata kowane saurayi a unguwar nan ya haddace. Ruwa mai gudu da ya rufe idon sawu, kamar santimita 15, yana iya kayar da ƙato. Wanda ya kai santimita 30 yana ɗaga ƙaramar mota. Mai ceto zai fara da miƙa sanda ko gora daga tudu. In bai kai ba, ya jefa igiya ko jarka rufaffiya. In akwai kwalekwale, a yi amfani da shi. Shiga ruwa da jiki shi ne na ƙarshe, kuma na wanda ya samu horo ne. Kada mutum ya ɗaure igiya a ƙugunsa ya shiga ruwa mai ƙarfi, domin igiyar kan danne shi ƙasa, 'yan'uwansa na ja shi kuwa yana nutsewa. A kuma ji tsoron wayar lantarki da ta faɗo cikin ruwa. Malamanmu na fiƙihu sun ce ceton mai nutsewa wajibi ne a kan wanda zai iya, har salla ana yankewa dominsa. Amma wanda bai iya ba ya faɗa, ya ƙara wa masu nema gawa ta biyu ne kawai.

To jama'a, ga inda tarihin ya kawo mu. Tsarin maigida ya yi rauni. Yau yaro zai sauko daga tirela a Ojoo, ya kama acaba ko ga-ruwa ko bola-jari, ya kwana a rumfa bakin rafi, babu wanda ya san sunan mahaifinsa. In ruwa ya ɗauke shi, uwarsa tana can tana jiran waya shekara da shekaru. Muna kira ga masu unguwanni da shugabannin ƙungiyoyin sana'a su buɗe littafi, kowane baƙo a rubuta sunansa da garinsu da lambar wani nasa. Malaman tsangaya su ƙirga almajiransu kowane dare in damina ta yi nisa. Rundunonin agajinmu, kowace ƙungiya ce, su ware samari su nemi horon ruwa wurin Red Cross da 'yan kwana-kwana, su yi shi tare da samarin Yarbawa maƙwabtanmu, tunda rafi ɗaya ne ya ratsa bayan gidajenmu. Attajirai su sayi rigunan ruwa da igiyoyi da fitilu a ajiye a masallatai. Idan hukumar hasashen yanayi ta yi gargaɗi, ladanai su faɗa a lasifika da Hausa da Yarbanci. Lambar gaggawa 112 ce, a koya wa yara. Shara kuma a daina kai ta bakin kwata, ita ce ke komowa cikin ɗaki.

Allah Ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci, namu da na maƙwabta, Ya saka wa masu igiya na jiya da na yau, Ya ba mu damina mai albarka.